Mai Fito a Kan Yashi

A shekarar da Gulbin Kaka ya tashi daga Kurmin Gwaska, ba wanda ya yi wa sallama. Damina ce ta zo da ƙarfi, ruwa ya ci gaɓa can sama wajen duwatsu, ya samu gangare ta gabas, ya bi. Da kaka ta yi, dabbobi suka leƙa inda gulbi yake kwance tun zamanin kakanninsu, sai taɓo. Da rani ya kama, taɓon ma ya bushe, ya bar yashi fari fat, mai faɗi, wanda in rana ta take yake gasa ƙafa. Ciyawar fadama ta ƙone. Kwaɗi, da yake su ba sa jiran sanarwar gwamnati, tuni suka bi ruwa. Jakuna kuwa, waɗanda su ne talakawan ƙasar kuma su ne 'yan dakonta, aka ɗora musu salka. Su tafi sabon gulbi tafiyar wuni, su ciko, su dawo su juye a randunan fada, su lashi abin da ya ɗiga a ƙasa. Ba wanda ya ji sun ce uffan.

Amma duk ƙasar ba wanda tashin gulbi ya taɓa kamar Barmo, Sarkin Fito. Barmo toron dorina ne, ƙato, mai kunya, marar yawan magana, kuma fito gadon gidansu ne. Gari da fada suna yamma da gulbi, gonaki da hanyar kasuwa suna gabas, saboda haka duk mai ƙetarewa sai ya hau bayan Barmo. Akwai dutse a kowace gaɓa, shi ake takawa a hau, shi ake takawa a sauka. Ladan fito damin ciyawa ne. Fada ta ɗauki rabonta, ministoci, waɗanda duk kuraye ne, su ɗauki nasu a cikin na fada, su ɗan ƙara a cikin na Barmo don kada kaya su yi masa nauyi. Kada ka tambaye ni me kura za ta yi da ciyawa. Sayarwa suke yi wa jakunan da suka yanko ta.

Uban Barmo ya yi wannan aiki, kakansa ya yi, shi ma ya yi har furfura ta fito masa a haɓa, bai taɓa jefa ko ɗan akuya a ruwa ba. To ga shi yau ba ruwan. Ita kuwa dorina, kowa ya sani, fatarta ba ta jure rana. In ta daɗe ba ta jiƙa ba sai ta tsattsage, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Sarki Gagarau, zakin da ke mulki a lokacin, ya kira majalisa a gindin babbar gwaskar fada. Tsoho ne mai son barcin rana, ya tara kuraye a majalisarsa don su riƙa magana shi yana hutawa, su kuwa suka riƙe aikin da hannu biyu. Waziri Kure ne ya fara miƙewa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wasu 'yan baƙin ciki suna yaɗa jita-jita wai gulbi ya tashi. Ina so in tabbatar wa al'umma cewa har zuwa wannan lokaci gulbi bai sanar da wannan gwamnati komai ba. Gulbin da bai yi sallama ba kuwa, a hukumance yana nan."

Ministar Ruwa, wata kura mai suna Yalwa, ta ɗora daga inda ya tsaya.

"Abin da ake gani ba ƙafewa ba ce, ranka ya daɗe, gyara ne. Gulbi ya janye na ɗan lokaci don a samu damar duba ƙasansa, abin da gwamnatocin baya suka kasa yi. Nan ba da jimawa ba zai dawo, ya fi da cika, kuma mun riga mun kafa kwamitin tarbarsa."

Akaza, dattijon jakuna, wanda akan bari ya tsaya a bakin inuwa a madadin talakawa, ya nemi izini. Ya ce shi dai kullum daga wajen ruwan yake, ya gan shi ya shimfiɗa a gabas ya miƙe ƙafa, har ciyawa ta fito a gefensa, ko za a duba yiwuwar matsar da gari kusa da shi? Waziri ya gode masa ƙwarai da gaske, ya ce za a miƙa shawararsa ga kwamiti. Gaskiyar magana ita ce, in aka yarda gulbi ya tashi, fito ya mutu, damin ciyawa ya yanke, Ma'aikatar Ruwa ta rasa abin da za ta riƙa yi wa taro, fada kuma dole ta bar inuwar da ta saba. Wa zai so haka? Aka yanke cewa gulbi yana nan, fito kuma ya ci gaba yadda aka gada. Sarki ya farka ya sa albarka.

Wallahi da Barmo mayaudari ne da abin ya zo da sauƙi. Amma shi irin masu gaskiyar nan ne da ko aikin banza ka ba su sai sun yi shi da zuciya ɗaya. Kullum da safe yana bakin dutse. Jaki ya taka ya hau da salkunansa, Barmo ya ce, kamar yadda ubansa ke cewa, "A riƙe kunne." Sai ya gangara cikin yashi a hankali, yana jan ƙafa yadda ake yi in ruwa ya kai ƙirji. Ya kauce wa inda da can kada ke kwanciya. Ya yi doguwar kwana inda da can igiyar ruwa ke ja. In ya zo tsakiya, wurin da ya fi ko'ina zurfi a zamanin ruwa, ya tsaya ya ce a ɗaga kaya kada su jiƙe, jaki kuma ya ɗaga kaya. Wurin da zomo ke tsallakewa kafin ka ƙifta ido, Barmo sai ya ɗauki lokacin da ya isa a dafa wake. Ya kai gaɓa yana haki, a sauka a ba shi dami. A cikin masu hawa ba wanda ya taɓa yin dariya, don kowa yana jin nauyinsa.

Ka duba fa, ruwan ƙasar gaba ɗaya a bayansa yake wucewa cikin salka, shi kuwa ko ɗigo ba nasa, don ruwan fada ne. Akaza ne kawai in sun kai tsakiya yakan sassauta bakin salka da haƙori, ya bar ruwa ya zurara a gadon bayan Barmo, ya ce kash, tsautsayi. Barmo kan yi kamar bai ji ba, amma sai ka ga ya lumshe ido ya rage tafiya.

Matarsa Tabawa ce ta fara gajiya. Da farko sun riƙa kwanciya a wani ɗan kududdufi da ya rage a ƙarƙashin gaɓa, su da 'ya'yansu biyu, ana juyi bi da bi don kowa ya jiƙa gefe ɗaya. Da kududdufin ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, ta ce masa su tashi. Ta ba shi labarin da jakuna ke kawowa. A sabon gulbi dabbobi sun fara kafa bukkoki gaɓa da gaɓa, kowa na neman mai ƙetarar da shi, har kunkuru da ƙananan kadoji sun shiga sana'ar, ana ciniki ana jayayya, ba dutsen hawa ba sarauta. Wanda ya san ruwa kamar Barmo in ya je, ai ba a maganar kowa.

Barmo ya ce shi bai san wancan ruwan ba. Wannan ya sani, ya san zurfinsa, ya san inda yake ja.

"Wane ruwa, maigida?" in ji Tabawa. "Nuna mini shi in sha."

Can ya ce a nan shi Sarkin Fito ne, a can kuwa dorina ce kawai cikin dorinai, da girmansa zai tsaya yana ƙwala wa fasinja kira tare da kunkuru. Kuma in gulbi ya dawo ya tarar ba kowa a mashigi fa? Da wane ido zai dubi kabarin ubansa?

Abin da bai faɗa ba, ita kuma ta sani, shi ne tsoro yake ji. Ya tsufa a kan hanya ɗaya, yana tsoron ya shiga ruwan da bai sani ba ya yi kuskure yara su gani. Tabawa ba ta ƙara matsa masa ba. Ta ce ita dai ba za ta zuba ido rana ta soye mata 'ya'ya ba. Washegari ta tasa su gaba. Shi da kansa ya ƙetarar da yaran, ɗaya bayan ɗaya, har da cewa a riƙe kunne. Ita kuwa ta taka yashi da ƙafarta ta miƙe kai tsaye, ta jira su a ɗaya gaɓar tana share ido.

Daga nan labari ya riƙa zuwa ta bakin jakuna. Tabawa ta fara da awaki. Ta sha kuskure, har ta taɓa faɗawa rami da tunkiya a baya suka sha ruwa su biyu, aka yi mata dariya a kasuwa, ta tashi ta koyi inda ramin yake. Ba a daɗe ba aka san ta, masu kaya suka riƙa jiran ta ko da kunkuru ya yi musu rangwame. Yara sun yi ƙiba. Takan aiko a gaishe shi, a ce masa akwai wuri. Shi kuma ya ce a ce mata yana nan tafe, sai abubuwa sun ɗan lafa.

Abubuwa ba su lafa ba. Fatar bayansa ta yi faso, ta fara tsagewa, jan gumin nan na dorina ya riƙa tsatsowa yana bushewa a kansa, ƙudaje suka samu wurin zama. Jakuna suka fara jin kunyar hawa, don ka hau bayan mai ciwo ka ji yana nishi a ƙarƙashinka ba abin daɗi ba ne. Sai suka riƙa zagayawa ta ƙasa kaɗan suna taka yashi da ƙafa. Wasu don tausayi, wasu don daminsu ya huta, ni ba zan rantse a kan kowa ba. Wasu ma in sun tafi ɗebo ruwa sai dai a ji labarinsu, sun kafa bukka. Wata rana Akaza ya tsaya a kan dutse bai hau ba.

"Sarkin Fito," ya ce, "kai ma fa ɗan'uwanmu ne a wahala. Ka tafi wajen iyalinka. Yashin nan ba abin da zai rasa in ka tafi."

Barmo ya ce gaskiya ne, Baba Akaza, amma ba a barin sarauta haka kawai kamar ɓarawo, sai ya nemi izini.

Ya ja jiki ya nufi fada. Tafiyar da a da yake yi bai sani ba, ranar sai da ya huta a kowace inuwa. A hanya ya tsara maganarsa tsaf. Zai roƙi a bar shi ya matsar da fito zuwa sabon gulbi da sarautarsa, fada kuma ta ci gaba da karɓar rabonta a can. Shawara ce mai kyau, da an saurare ta da ta ceci kowa har da kurayen. Sai ya tarar majalisa a zaune kan batun raguwar dami, suna hango shi kuwa Waziri ya miƙe tun bai gama gaisuwa ba.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ga irin ɗan ƙasar da muke faɗa. A lokacin da wasu ke guje-guje suna bin kowane ruwa da suka gani, wannan bawan Allah ya tsaya a kan gadon iyayensa. Ku dubi bayansa. Jahili zai ce ciwo ne. Mu a wannan gwamnati lambar kishin ƙasa muke gani."

Yalwa ta ce lallai a naɗa shi Garkuwan Gulbi, a yi biki, kuma Sarki da kansa ya hau shi ya ƙetare a gaban jama'a, da rana tsaka don kowa ya gani, bakin masu jita-jita ya mutu. Sarki ya buɗe ido ɗaya ya dubi Barmo.

"Ubanka ya ɗauki ubana," ya ce. "Na san ba za ka ba mu kunya ba."

To ka gaya mini, mai kunya irin Barmo ne zai buɗe baki bayan wannan ya ce zai tafi? Ya sunkuyar da kai ya ce godiya yake. Ni har yau in na tuna wannan godiyar sai raina ya ɓaci.

A zaman nan ne kuma aka yi maganin masu takawa da ƙafa. Tunda gulbi yana nan a hukumance, in ji Waziri, duk wanda ƙafarsa ta taɓa cikinsa, in ba mai fito ba, to ya nutse. A yi masa addu'a, a raba gadonsa, in yana da muƙami a ba wani. Ba babba ba yaro, ba sani ba sabo. Ya maimaita wannan na ƙarshe yana kallon rassan gwaska. Sarki ya sa albarka.

Ranar biki gaɓar yamma ta cika. Aka kawo makaɗa, birai suka hau itatuwa, aka jera jakunan da suka rage a rana aka ce su yi murna. A gaɓar gabas ba kowa sai dorina ɗaya. Tabawa ce, Akaza ya kai mata labari. Kafin ta taso ta birgima a bakin sabon gulbi har taɓo ya yi mata kauri a jiki, ta taho da shi cikin dare, bai gama bushewa ba. Barmo ya hango ta. Ya juya wajen Akaza, ya ce masa a hankali in ya sauke Sarki a dutsen can ba zai juyo ba, zai wuce da matarsa, duk abin da za a ce a ce. Akaza ya ce Allah ya sa, ya ƙara da cewa ya miƙe kawai yau, kada ya yi kwane-kwane.

Aka naɗa wa Barmo rawani tun da hantsi, aka tsayar da shi a bakin dutse inda ba inuwa, aka shiga jawabi. Waziri ya lissafa nasarorin gwamnati tun daga ranar da aka haife shi. Yalwa ta yi albishir cewa idan wannan gulbin ya dawo za a ƙaro na biyu a gefensa. Shugaban kwamitin tarba ya gabatar da ƙananan kwamitoci. Kafin a gama rana ta take, rawanin Barmo ya jiƙe da jan gumi. Sannan Sarki ya taka dutse ya hau.

"A riƙe kunne," in ji Barmo, da ƙyar aka ji.

Da ya miƙe kai tsaye, ina ganin da ya kai. Amma Barmo bai taɓa ƙetare wurin nan kai tsaye ba tun da aka haife shi, ƙafafunsa ba su san wannan hanyar ba, balle yau da Sarki a baya da idon jama'a. Ya gangara a hankali. Ya kauce wa makwancin kada. Ya yi doguwar kwanar igiyar ruwa, yashi na ƙona shi, numfashinsa na fita kamar zugazugi. Ya kai tsakiya ya tsaya, ya ce a ɗaga kaya. Sarki ba shi da kaya, sai ya ɗaga wutsiya. Nan Barmo ya durƙusa da ƙafafun gaba, ya yi ƙoƙarin tashi, na baya suka bi, ya kwanta. Makaɗa suka ƙara wa kiɗa zafi, sun ɗauka cikin shirin biki ne.

Sarki ya ɗan jira, ya ga ba motsi, ya miƙa ƙafa ɗaya zai sauka. Sai muryar Waziri ta zo daga gaɓa, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, a yi hattara. Wurin da zurfi."

Sarki ya dubi yashi, ya dubi Waziri, ya tuna dokar nutsewa da ya sa wa albarka, ya janye ƙafarsa.

Tabawa ba ta tsaya jin ta bakin kowa ba. Ta gangaro cikin yashi da gudunta, Yalwa na sanarwa daga can cewa cikin alhini ana shaida wa jama'a wata dorina ta nutse. Ta kwanta a gefen mijinta, ta manna jikinta da nasa don taɓon ya shiga tsagun, tana ce masa ya tashi, saura kaɗan, yara na jira. Barmo ya buɗe hanci ya shaƙi taɓon.

"Na can ne?"

"Na can ne, maigida."

"Ashe ƙamshinsu ɗaya," ya ce. Daga nan rai ya yi halinsa.

Kiɗa ya mutu a hankali, ganga ɗaya bayan ɗaya. Akaza ya fita daga layi ya gangara cikin yashi. Na bayansa ya bi, na bayan wannan ma ya bi, har layin duka ya motsa, da mata da 'ya'ya, ba gudu ba hayaniya. Yalwa ta fara sanar da nutsewarsu ɗaya-ɗaya, da suka yi mata yawa ta bari. Duk jakin da ya zo tsakiya sai ya tsaya ya yi wa Tabawa ta'aziyya, ya ɗaga kai ya ce wa Sarki ranka ya daɗe, ya wuce gabas. Birai suka sauko suka bi su. Makaɗa suka rataya ganguna suka bi birai. A gaɓar yamma ba wanda ya rage sai kurayen, sun ja baya zuwa inuwa sun zauna a jere.

Tabawa ta daɗe a kwance har taɓon jikinta ya bushe ya fara zuba. Sannan ta miƙe, ta warware rawanin daga kan Barmo ta ajiye a gefe. Ta ɗaga kai ta dubi zakin da ke tsugune a kan gawar, ya tattara ƙafafunsa huɗu wuri ɗaya, harshensa a waje saboda rana.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ka sauka daga kan mijina."

Sarki ya waiga gaɓar yamma. Kurayen suna nan a inuwa, ba mai kallon fuskarsa, ƙafafunsa suke kallo. Ya juyo ya dubi Tabawa. Ita kuwa ta tsaya tana jira.